Cibiya a Gwangwanin Madara

Ranar da aka kawo keken guragun, Sabiru ne ya tare ƙofar gida da jikinsa. Assana ta sauko da keken daga bayan tasi, sabo fil, ko ledar kujerar ba a yage ba, ta turo shi har bakin dakali. Ita ce mai gashin ƙashin da asibiti ya haɗa su da ita tun da aka sallamo mahaifiyarsa, kine dai kamar yadda ake kiransu a Zongon Lome, kuma ita ce ta yi ta sintiri a ofishin wata ƙungiya a Totsi har aka ba da keken kyauta.

"Madam, wannan kuma na wane ne?" in ji Sabiru.

"Na Mma Asiyatu mana. Yau za ta sha iskar waje."

"Uwata ba gurguwa ba ce."

"Ni ban ce gurguwa ba ce, Malam Sabiru. Cewa na yi ta zauna. Jikin da aka bari a kwance kafewa yake yi. In gaɓoɓinta suka kafe, keken ma ba zai karɓe ta ba."

"Non, Madam. Ke aikinki matsa ƙafa. Mu muna da abin da muke jira."

Mma Asiyatu tana jin su daga ɗaki, don tagarta titi take kallo. Tun ranar da zem, wato ɗan acaɓa, ya zubar da ita a hanyar kasuwa bayanta ya bugi bakin kwalbati, daga cibiya zuwa ƙasa ba ta ƙara sanin tana da jiki ba. Hannuwanta lafiya lau, kanta lafiya lau, bakinta ma haka. Ba ta roƙi Allah ya tayar da ita ta yi gudu ba. Abin da take so bai wuce a zaunar da ita a bayan teburinta na ƙofar gida ba, inda ta yi rabin rayuwarta tana auna wa matan unguwa kuka da busasshiyar kuɓewa da gwangwanin madara. Assana ta ce mata abu ne mai yiwuwa, ta ce akwai mata a Lome da ke cin kasuwarsu a kan keke. Tun daga ranar take kwana tana tashi da keken nan a rai.

Sai dai Sabiru ɗan fari ne, ita kuwa irin matan da ce. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa da bakinta ba, balle ta ɗaga murya ta ja magana da shi a gaban mutane. Sai ta kasa kunne.

Sabiru ya zaro waya daga aljihu. Mai shagon wayoyi ne, saboda haka duk abin da waya ta faɗa masa kamar ɗan'uwa ne ya faɗa. Ya kunna wa Assana bidiyon da ya riga ya nuna wa rabin Zongo: wani Bature cikin farar riga, wani ɗan kwanon gilashi da wasu abubuwa ke miƙa saiwoyi sirara a cikinsa, sai wani ɓera da ke jan gindi, can kuma sai ga shi yana tafiya.

"Kin gani? Selul sush. Ƙwayoyin asali ke nan, waɗanda Allah ke fara gina mutum da su. Yovo, Turawa ke nan, suna cire su daga cibiyar jariri, su raine su a kwano kamar yadda ake rainon irin tumatir, su zama jijiya sabuwa, a dasa a bayan mutum. Dubi ɓeran nan fa."

"Na ga ɓera," in ji Assana. "Mma ba ɓera ba ce. Wannan abu har yanzu a ɗakin bincike yake."

"Abin da ke ɗakin bincike yau, gobe yana asibiti. Ga matata Zahida nan da ciki. Jinin Mma ne a cikin nan, ba sai mun roƙi na kowa ba. Tana sauka muna da magani a hannu."

"To kafin nan ta zauna a keke. Me zai hana?"

"Wanda ya hau abin nan ya sallama ke nan. Kin taɓa ganin wanda ya hau ya sauko? Kuma a ce uwar Sabiru ce a keken guragu a bakin titi, masu wucewa suna jefa mata sadaka? Ina raye? Jame, har abada!"

Dattawan da ke zaune a dakalin masallaci suka gyaɗa kai. Ɗaya daga cikinsu ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, irinsu sun yi ƙaranci. Da Assana ta ƙi komawa da keken, sai aka yi sulhu: aka ɗora shi a sito, a kan buhunan gawayi, ƙafafunsa suna kallon sama.

Assana ba ta daɗe tana zuwa ba bayan wannan. Da ma takan zo ta juya Mma Asiyatu, ta naɗe mata gwiwa ta miƙe, ta ɗaga cinya ta sauke, tana yi tana koya wa Zahida. Sabiru ya tsaya a bakin ƙofa wata rana yana kallo, ya ga an yaye wa uwarsa zane har gwiwa ana lanƙwasa ta, ya sha toka. Ya ce matar nan gajiyar da jijiyoyin take yi, gonar da za a yi wa shuka kuwa hutu take so. Ya ce kuma tana cika wa Mma kunne da zancen keke, tana karya mata tawakkali. Ya buga mata waya ya ce an gode, se fini, aiki ya ƙare.

Ta sake zuwa duk da haka. Aka ce mata Mma na barci. Mma Asiyatu tana jin muryarta a ƙofar gida, har ta buɗe baki za ta kira ta, sai ta ji muryar ɗanta a kusa, ta mayar da bakin ta rufe. Ta ji ƙarar zem ɗin da ya ɗauki Assana har ya ɓace.

Da cikin Zahida ya tsufa, aka ce ɗakin gaba za a yi wa fenti saboda mai jego da masu zuwa barka. Aka ɗauki Mma Asiyatu a tabarma aka mayar da ita ɗakin baya, na ɗan lokaci, in ji su. Tagar ɗakin bangon maƙwabta take kallo. Ƙofarsa tana buɗewa tsakar gida, daidai inda ruwan wanke-wanke ke bi. Daga nan ba ta ƙara ganin titi ba. Teburinta kuwa aka jingine shi a zaure, aka riƙa shanya tsummokara a kai.

Zahida ba muguwa ba ce. Wannan ne ma abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan: in ka bi gidan ɗaki-ɗaki kana neman mugu, ba za ka same shi ba. Ita ke kwashe kashi, ita ke wanke zannuwa, ita ke dama koko ta ajiye a kusa da kai. Amma juya babbar mace ba aikin mai tsohon ciki ba ne. Da fari tana juya ta safe da rana da yamma. Sai ya koma safe da yamma. Sai ya koma ranar da bayanta bai yi ciwo ba. In ta yi wa mijinta magana, sai ya ce ta yi haƙuri, saura ƙiris. Shi kuwa ɗa namiji ne, ina shi ina taɓa jikin mahaifiyarsa.

Wata safiya Zahida ta ga wani jan tabo a ƙasan bayan Mma Asiyatu, faɗinsa kamar tafin hannu. Ta barbaɗa masa hoda. Da ya fashe ta shafa man kaɗanya. Da ya yi baƙi ta daina kallo, sai dai ta sake tsumma ta ja zane ta rufe. Mma Asiyatu ba ta jin komai. Ƙudaje ne suka fara gaya mata, sai kuma yadda surukarta ke riƙe numfashi in ta sunkuya.

"Zahida, mene ne a bayana?"

"Ba komai, Mma. Zufa ce."

"To."

Sabiru da ya ji wari sai ya sayo fanka da turaren wuta mai tsada. Ya ce in jijiya ta dawo, fata ma za ta dawo, ai duk abu ɗaya ne. Ƙawayen Mma na kasuwa kan zo gaisuwa, a tare su a tsakar gida a ce ta samu barci. Wata maƙwabciya ta raɗa wa Sabiru cewa akwai wani mai maganin tsafi a kasuwar Akodesewa da ke tayar da irin waɗannan. Ya yi a'uziyya, ya ce su ba su shirka, su ilimi suke jira. Labarin ya kai masallaci, aka ƙara yaba masa.

Kullum bayan la'asar yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, bai taɓa fashi ba.

"Mma, ya jiki?"

"Alhamdu lillahi."

"An ci abinci?"

"An ci."

Rana ɗaya ce ta ƙara wani abu a kan haka. Ta yi kwanaki tana shirya maganar a ranta, tana rage mata kaifi. Ta juya fuskarta bango, don ba za ta iya faɗa tana kallonsa ba.

"Kai, da dai an fito da abin nan na sito an gwada ni. Ko sau ɗaya ne. In ga teburina."

Idanunsa suka kawo ruwa. Hawayen kuwa na gaske ne, ba na ƙarya ba.

"Mma, kin yanke ƙauna ne? Ni ina nan ban yanke ba, ke za ki yanke? Me na yi miki? Wallahi da ƙafarki za ki taka zuwa teburin nan. Ki bar ni in yi miki wannan, Mma. Kar ki kunyata ni a Zongo."

Sai ta ji ita ce mai laifi. Ta ce Allah ya yi albarka. Ya ce amin, ya share ido, ya tashi ya tafi shago zuciyarsa fes. Ita kuwa ta ci gaba da kallon bangon, inda ruwan damina ya zana wani tabo a jikin siminti. Ba ta yi kuka ba. Ta nemi kukan ma ta rasa inda yake.

Zahida ta sauka lafiya a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke Avedji, ɗa namiji. Aka dawo da mabiyiya gida a leda, wata tsohuwa ta wanke ta, ta binne a bayan ɗaki kamar yadda aka saba, da duk igiyar da ke jikinta. Sabiru bai ko leƙa ba. Shi guntun da ke jikin jaririn yake jira. A Zongo kowa ya san wannan guntun ba a yar da shi. In ya bushe ya faɗi, uwa takan ƙulle shi a tsumma ta ɓoye, ranar da ciki ya murɗa wa yaro a jiƙa a ba shi ruwan. Abu ne mai albarka tun kaka da kakanni, ga shi kuma yanzu Bature ya zo ya tabbatar.

Cibiyar ta faɗi ana gobe suna. Sabiru ya karɓe ta da hannu biyu. Ya ga da sauran danshi a jikinta, ya ji tsoron kar ta ruɓe, sai ya shimfiɗa ta a kan kwanon rufi ta sha rana sosai. Zahida ta tambaye shi ko rana ba za ta kashe maganin ba. Ya ce haba, wane iri ne ake ajiyewa ɗanye? Masara a bushe, wake a bushe, sassaƙe a bushe. Ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya nemi abin sakawa, idonsa ya faɗa kan gwangwanin awon Mma da ke kan teburin zaure. Ya ce wannan ma ishara ce.

Aka raɗa wa yaro suna Faruk. An yanka rago, an yi waina, tsakar gida ta cika maƙil. An rufe ƙofar ɗakin baya saboda hayaniya kar ta dami mai jiki. Sabiru yana jan abokansa gefe ɗaya bayan ɗaya yana buɗe musu gwangwani, suna leƙawa suna cewa masha Allah. Sai da mutane suka ragu Zahida ta kawo wa kaka jikanta. Ta kira wata mata suka kama kafaɗun Mma Asiyatu za su jingine ta da bango ta karɓi yaron. Jikin ya taso gaba ɗaya kamar ƙyauren ƙofa, kugun ya ƙi lanƙwasawa. Suka kalli juna, suka mayar da ita. Zahida ta ɗora mata jaririn a ƙirji.

"Ango," in ji Mma Asiyatu, tana shafa kansa, "ka zo ka tarar da amaryar taka a kwance. Haka ake yi?"

Zahida ta yi ɗan murmushi, ta miƙo mata gwangwanin. "Mma, ga maganinki ya iso."

Ta gane gwangwaninta tun kafin ta taɓa shi, har lanƙwasar da ke bakinsa. Ta buɗe ƙyallen, ta ɗaga abin ta duba a hasken ƙofa, baƙi, a murɗe, kamar guntun busasshiyar tsamiya. Ta mayar.

"Ni dai kuɓewa na yi ta shanyawa shekara da shekaru," ta ce. "Ban taɓa ganin wadda aka yanka aka shanya ta tsiro ba."

"Mma, don Allah kar ki bari ya ji."

"Ba zai ji ba."

Gwangwani ya hau saman kwaba a ɗakin Sabiru. Yanzu kuma sai a nemo wanda zai yi aikin. Ya tura saƙonni ga lambobin da ya samu a waya, wasu ba su amsa ba, wasu suka amsa da harshen da bai iya ba. Ya ce an kusa. Damina ta wuce, rani ya kama hanya. Faruk ya yi ƙiba, wuyansa ya tsaya. Aka fara koya masa zama a tsakar gida, a kewaye shi da matasai, in ya karkata a tallafe shi, in ya faɗi a tayar, kullum ba fashi, har ran da ya zauna da kansa gidan ya ɗauki guɗa. Mma Asiyatu tana kallo ta ƙofar da aka bari a buɗe. Ta ce barka.

Zazzaɓi ne ya fitar da ita daga ɗakin. Ta kwana biyu tana rawar sanyi tana kiran sunayen matattu, warin kuma ya fi ƙarfin turare. Da aka kira tasi, aka rasa yadda za a shigar da ita, don ba ta naɗuwa. Sai da direban ya kwantar da kujerar gaba aka zura ta a miƙe. Sabiru ya koma ciki da gudu ya ɗauko gwangwani.

A asibiti aka yaye zanen. Ma'aikaciyar jinyar da ta fara gani ta ja da baya ta kira likita. Ramin ya ci har ana hango ƙashi. Aka wanke, aka yanke ruɓaɓɓen nama, aka ɗaura mata ruwa. Duk wannan Mma Asiyatu tana kallon silin, ba ta ji ko ɗigo ba. Da zazzaɓin ya sauka likitan ya dawo, wani mutum mai furfura da ba ya jin Hausa. Assana tana bayansa, don a nan take aiki. Ta wuce Sabiru, ta gaishe da Mma ta tsaya a gefen gado.

Sabiru ya miƙa gwangwanin, ya yi bayani da Faransanci, har da nuna bidiyo. Likitan ya buɗe ƙyallen ya daɗe yana kallo. Bai yi dariya ba. Ya yi magana a hankali, Assana tana mayar wa Mma da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Wannan ta mutu tuntuni. Ƙwayoyin da kake magana a raye ake ɗibar su, a take lokacin haihuwa, a ajiye su cikin sanyi mai tsanani. Kuma ko da ɗanyun ka kawo mini, ba ni da abin da zan yi da su. Gaskiya ne masu bincike suna rainon irin waɗannan ƙwayoyi su zama na jijiya. Ana gwadawa, wata rana wataƙila a dace. Amma babu inda zan tura ka yau in ce maka mahaifiyarka za ta tashi. Abin da muke da shi a hannu shi ne a juya ta, a motsa mata gaɓoɓi, a zaunar da ita a keke. Wa ya hana a yi mata wannan?"

Likitan ya rufe gwangwanin ya mayar wa Sabiru, ya wuce gado na gaba. Sabiru ya ce bari ya je ya yi salla.

Mma Asiyatu ta kamo hannun Assana.

"Yarinya, ke ba kya ɓoye mini. Keken nan yana nan a sito. Zan zauna?"

Assana ta sa hannu a ƙarƙashin gwiwarta ta gwada ɗagawa, kamar yadda take yi a da. Cinyar ta ɗan motsa ta tsaya cak. Ta gwada ɗayar. Ta mayar da zanen ta gyara shi sosai.

"Mma, kugunki ya kafe. Ƙashi ya tsiro a cikin gaɓar ya riƙe ta. Ga kuma ciwon, daidai inda ake zama. Da a lokacin ne..."

"To," in ji Mma Asiyatu. "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ta saki hannun. Assana ce ta yi kukan, a baranda.

Da aka sallamo su, Sabiru ya zauna a dakalin masallaci ya ba da labari, kuma bai yi ƙarya ko ɗaya ba, zaɓa kawai ya yi. Ya ce likita da bakinsa ya ce abin gaskiya ne, ana rainon ƙwayoyin su zama jijiya. Ya ce kuskure ɗaya aka yi, busarwa, ashe a ɗanye ake so, cikin sanyi. Ya ce yanzu ya gane hanya, ya ma yi cinikin firji. Zahida na yaye Faruk, in Allah ya kawo rabo, a take za a ɗiba. Dattawa suka ce ɗan'adam ajizi ne, Allah ya ba da ikon ƙarasawa. Wani ya juya ga ɗansa ya ce ya ga yadda ake riƙe uwa.

Don dai kar Assana ta ce an ƙi jin magana, aka sauko da keken daga kan gawayi, aka kakkaɓe. Sabiru ya kira maza biyu suka ɗaga Mma Asiyatu a cikin zane suka ɗora. Kafaɗunta suka taɓa majingina, dugaduganta suka taɓa ƙasa, tsakiyar jikinta ya rataye a sama, ta fara zamewa. Suka tare ta da sauri suka mayar kan katifa.

"Kun gani?" in ji Sabiru. "Tun farko na ce abin nan ba nata ba ne."

Har yau in ka shiga Zongo ka tambayi ɗan da ya fi kowa ƙaunar uwarsa, za a nuna maka shagon wayoyin nan. Ba a taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Bai taɓa barin ta da yunwa ba. Ya tsare ta daga sadakar masu wucewa, ya tsare ta daga idon mutane, ya tsare ta daga iska da rana da teburinta, duk da kyakkyawar niyya da hawaye. Da duka ya yi mata, da unguwa ta taru a kansa. Da yake jira ya sa ta, babu wanda ya ga laifi, kuma ita kanta ba ta da sunan da za ta kira abin da aka yi mata, kamar yadda ba ta da bakin kiran sunan wanda ya yi.

Keken bai koma sito ba. Ruwan famfo ya ɗauke a layin, sai an je rijiyar burtsatse ta bayan makaranta. Zahida ta ga abu mai ƙafa huɗu yana zaune banza, ta ɗora masa jarkoki, ta goya Faruk, ta tura. Ya yi daidai kamar don haka aka ƙera shi. Kullum da safe yakan wuce ta gaban ƙofar ɗakin baya, fanko a fita, cike a dawowa, ruwa yana fantsama a kan kujerar da har yanzu ledarta ke manne.

Wata safiya ƙafar hagu ta fara ƙara, ƙiii, ƙiii, tana ɗan cijewa. Mma Asiyatu ta saurara har keken ya iso daidai ƙofarta.

"Zahida."

"Na'am, Mma."

"A sa wa ƙafar keken nan mai. In aka bar shi haka, kafewa zai yi."

Zahida ta gaya wa mijinta da ya dawo cin abincin rana. Ya ce gaskiya ne, Mma ta yi tunani. Ya ɗauko man keken ɗinki, ya durƙusa a tsakar gida, ya ɗiɗɗiga a kowace gaɓa, yana juya ƙafar gaba da baya, gaba da baya, har sai da ta saki.